Adashin 'Yan'uwa Biyu: Tarihin Mari Kuri da Matan da Suka Riƙe Karatun Fiziks

 Barkanmu da zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah ya jiƙan waɗanda muka fara zubi da su, ba su ga wannan rana ba.

Da aka ce duk mai abin faɗa ta kawo a buga, sai na zaɓi in kawo tarihi. Na wata mata ce 'yar ƙasar Polan mai suna Mari Kuri, wadda muka karanta labarinta a ajinmu na manya. Duniya ta san ta da fiziks, wato ilimin da ke bin diddigin haske da zafi da wutar lantarki da nauyi da motsin abubuwa. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai a labarin shi ne kuɗin, domin 'yar kasuwa ce ni. Wa ya biya? Wa ya riƙe mata yara? Da na bi wannan tambaya sai na tarar da adashi a gindin maganar.

An haife ta ranar 7 ga Nuwamba 1867 a birnin Warso, ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta malamin lissafi da fiziks ne, mahaifiyarta kuma shugabar makarantar 'yan mata. A lokacin Rasha ce ke mulkin wannan yanki na Polan, har ta hana a koyar da yara da harshensu. Gidan ba su da wadata. Babbar yayarta ta rasu, sannan tarin fuka ya ɗauke mahaifiyar a 1878, Mari tana da shekara goma. Duk da haka ta gama sakandare a 1883 da lambar zinariya.

Daga nan hanya ta toshe, don jami'ar Warso ba ta ɗaukar mata. Abin da matan garin suka yi shi ne suka kafa makarantar ɓoye, yau a ɗakin wannan, gobe a ɗakin waccan, don kada 'yan sandan Rasha su gane. Saboda yawan sauya wuri har ake kiranta jami'a mai tashi. Mu da muka san labarin 'yan taru na Nana Asma'u, yadda jajis ke bi gari-gari suna kai wa mata karatu har cikin gida, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma makarantar ɓoye ba ta ba da takardar shaida. Mai son digiri sai ta fita ƙasar, fita kuwa sai da kuɗi.

To a nan ne adashin ya shigo. Mari da yayarta Buroniya duka suna son zuwa Faris, babban birnin Faransa, Buroniya ta karanci likitanci, Mari kimiyya. Kuɗin mahaifinsu ba zai ɗauki ko mutum ɗaya ba. Sai Mari ta kawo shawara: yayar ta fara tafiya, ita za ta zauna ta yi aiki tana aika mata kuɗi, in ta zama likita sai ta ɗauki nauyin ƙanwar. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Mutum biyu, zubi ɗaya, ɗauka biyu. Kuma ƙaramar ce ta yarda ta zama ɗaukar ƙarshe, alhali kowa a cikinmu ya san yadda ake kai ruwa rana kafin a sami mai yarda da ɗaukar ƙarshe.

A farkon 1886, tana da shekara 18, ta tafi wani ƙauye aikin reno da koyar da 'ya'yan wasu masu hali. Ta yi wajen shekara uku a can. Da rana tana tare da 'ya'yan gida, in ta sami sarari ta tara 'ya'yan manoma a ɗakinta ta koya musu karatu da harshen Polan, abin da zai iya kai ta kurkuku. Da dare kuma ta buɗe littattafan lissafi da fiziks ita kaɗai, mahaifinta yana aiko mata da tambayoyi a wasiƙa. Babban ɗan gidan ya so ya aure ta, iyayensa suka ce ɗansu ba zai auri 'yar aiki ba. Ta haɗiye, ta ci gaba da zama a gidan, don in ta bar aikin kuɗin Buroniya ya tsaya.

Buroniya ba ta ci amana ba. Da karatunta ya zo ƙarshe ta rubuto ta ce lokaci ya yi. A ƙarshen 1891 Mari ta hau jirgin ƙasa, a mafi arhar tarago, da 'yar kujerarta ta naɗewa a hannu don zama. Shekararta 24. Shekara takwas ke nan da gama sakandare, wanda a wurinmu da tuni an ce karatu ya wuce ta. Ta shiga jami'ar Sobon, inda mata 23 ne kacal cikin ɗaliban kimiyya sama da 1,800. Ta fara zama gidan yayarta, daga baya ta kama wani ɗan ɗaki a can ƙololuwar bene kusa da makaranta. In sanyi ya tsananta sai ta jibga duk tufafinta a jiki. Abinci burodi da shayi, har ta taɓa sumewa don yunwa, mijin yayarta ya zo ya ɗauke ta. A 1893 ta fito ta ɗaya a fiziks, a 1894 ta biyu a lissafi.

Akwai wani ɗan abu a nan da nake so ma'ajiyarmu ta ji. A tsakiyar karatun an ba ta tallafin rubul 600 daga wani asusun ɗalibai na ƙasarsu. Kyauta ce, ba wanda ya ce ta biya. Amma da ta fara samun kuɗin aikinta sai ta mayar da shi cif, don wata ɗaliba ta samu.

A 1895 ta auri Piya Kuri, shi ma masanin fiziks. A 1896 wani masani Bafaranshe mai suna Bekerel ya lura cewa yuraniyom, ma'adinin nan da ake haƙowa yau a Arlit ta Nijar, yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa baƙar takarda ya ɓata farantin ɗaukar hoto. Masana ba su damu da abin sosai ba. Mari ta ɗauke shi ya zama bincikenta na digirin dakta. Da wata na'ura da mijinta da ɗan'uwansa suka ƙera ta riƙa auna ƙarfin hasken, ta ga ko ma'adinin jiƙaƙƙe ne ko busasshe, gari ne ko dunƙule, ƙarfin yana bin yawan yuraniyom ɗin da ke ciki ne kawai. Ta ce ashe daga cikin ƙwayar zarrar kanta abin yake fitowa.

Sai ta auna wani baƙin dutse da ake ciro yuraniyom daga cikinsa, ta ga ƙarfinsa ya ninka na yuraniyom tsantsa wajen sau huɗu. Wannan lissafi ne da duk mai awo za ta gane. In kin ɗaga mudun gero kin ji nauyinsa ya fi na kullum, ba sai an gaya miki akwai wani abu a ciki da ba gero ba. Mari ta sake awo, ta kuma sakewa, lissafi bai canza ba. Piya ya ajiye nasa aikin ya kama mata. A watan Yuli 1898 suka sanar da sabon sinadari, ta sa masa suna poloniyom don tunawa da ƙasarta. A Disamba suka sanar da na biyu, radiyom.

Faɗa daban, nunawa daban. Masana suka ce a kawo shi a gani. Wurin aikin da aka ba su wata tsohuwar rumfa ce mai yoyo, wadda a da ɗaliban likitanci ke feɗe gawa a ciki. Da tan-tan ake kawo musu ragowar dutsen daga wata mahaƙa, tan guda kuwa buhu 20 ne na kilo hamsin-hamsin. Mari take ɗiba kilo 20 a lokaci guda, ta zuba a tukunyar ƙarfe, ta tafasa, ta yi ta juyawa da sandar ƙarfe da ta kusa kai tsawonta, wani lokaci yini sur, hayaƙi yana shiga mata ido. Ta tace, ta sake dafawa, ta sake tacewa. Masu ƙuli-ƙuli da masu daddawa da masu turara shinkafa a cikinmu sun san wannan tsayuwa a kan wuta, sun san yadda kafaɗa ke yi da daddare. Wajen shekara huɗu tana wannan. A 1902 abin da ta fitar shi ne kashi ɗaya cikin goma na giram, wato nauyin ƙwayoyin shinkafa huɗu ko biyar. Da shi ta tabbatar wa duniya radiyom gaskiya ne.

Duk wannan fa da goyo. An haifi 'yarta ta fari, Iren, a 1897. Wa ya riƙe ta? Surukin Mari, mahaifin Piya, tsohon likita ne da matarsa ta rasu a wannan shekarar, sai ya dawo gidansu da zama ya zama shi ne mai renon jika. Namiji, dattijo, kuma suruki. Littattafan makaranta ba su cika ambatonsa ba, ni kuwa ina ganin da babu shi da tukunyar nan ba ta dahu ba. Daga baya ma, da yaran suka tasa, Mari da wasu abokan aikinta suka haɗa kai suka riƙa koyar da 'ya'yansu bi da bi, yau a wurin wannan malami, gobe a wurin wancan, ita tana ɗaukar darasin fiziks. Sunan da suka ba tsarin a harshensu shi ne irin sunan da muke kiran ƙungiyarmu da shi, haɗin gwiwa. Iren ɗin nan ita ma ta girma ta ci kyautar Nobel a 1935.

A 1903 aka zo ba da kyautar Nobel, babbar kyautar kimiyya ta duniya da ake bayarwa a ƙasar Siwidin. Masanan Faransa da suka aika sunaye sai suka rubuta Bekerel da Piya, suka bar Mari. Wani masanin lissafi na Siwidin ya tsegunta wa Piya, shi kuma ya rubuta cewa in don wannan aiki ne, to a haɗa da matarsa. Haka ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar. Mazajenmu masu karanta wannan takarda, wasiƙa ɗaya ce fa mutumin nan ya rubuta.

Ranar 19 ga Afrilu 1906 keken doki mai ɗaukar kaya ya take Piya a kan titi cikin ruwan sama, nan take ya rasu. Ya bar ta da yara biyu, ƙaramar ba ta kai shekara biyu ba. Gwamnati ta yi mata tayin fansho, ta ƙi, ta ce da ƙarfinta. Jami'a ta ba ta kujerar mijinta, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sobon. A 1911 ta nemi shiga majalisar masana kimiyya ta Faransa, aka kayar da ita da ƙuri'a ƙalilan, jaridu suna yi mata gorin baƙunta. Majalisar nan ba ta ɗauki mace cikakkiyar mamba ba sai 1979. Amma a ƙarshen 1911 ɗin aka sake ba ta Nobel, wannan karon ita kaɗai, a fannin kemistiri. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 ta haɗa motoci wajen 20 masu na'urar hoton ƙashi, ta koyi tuƙi, ta horar da mata kusan 150, suna bin sojoji ana gano inda harsashi ya maƙale kafin likita ya sa wuƙa.

Adashi na biyu ya fi na farko girma. Likitoci sun gano radiyom yana ƙona ciwon daji, sai farashinsa ya yi sama. Ita da mijinta tun farko sun ƙi yin rajistar mallakar hanyar tace shi, suka bar wa kowa. A matsayina na 'yar kasuwa wannan ya daɗe yana yi mini ciwo, don kamfanoni sun yi arziki da guminta, ita kuwa ta kai ba ta iya sayen abin da ta gano. A 1920 wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Misis Meloni, ta ziyarce ta ta ji haka. Giram ɗaya a lokacin dala 100,000 ne. Matar nan ta koma Amurka ta kafa gidauniya a tsakanin mata, mai yawa ta ba da yawa, mai kaɗan ta ba da kaɗan, cikin ƙasa da shekara kuɗi suka cika. Ranar 20 ga Mayu 1921 shugaban Amurka Hadin ya miƙa mata kyautar a fadarsa. Kafin bikin da ta ga takardar ta nuna radiyom ɗin mallakarta ne ita kanta, sai ta sa aka gyara ya zama na aikin bincike, don kada bayan ranta ya shiga rabon gado. A 1929 ta koma, aka sake tara mata kuɗin wani giram, wanda ta kai asibitin ciwon daji da aka buɗe a Warso a 1932. Wadda ta tsaya a kan ginin asibitin ta kuma shugabance shi ita ce Buroniya, mai ɗaukar farko.

Aikin ya ci jikinta. A zamaninsu ba a san haɗarin hasken nan sosai ba, da hannu suke taɓa shi, har a aljihu take sa kwalbar. Yatsunta suka ƙone, idanunta suka yi yana, daga ƙarshe ɓargonta ya daina yin jini. Ta rasu ranar 4 ga Yuli 1934 tana da shekara 66. Har yau littattafan da take rubutu a ciki suna fitar da hasken, a akwatunan dalma ake ajiye su. Uwar da 'yarta ke son aikin hoton asibiti kada wannan ya tsorata ta, yanzu akwai rigar kariya da bango mai kauri da na'urar da ke ƙirga abin da ya shiga jikin ma'aikaci, kuma daga wahalar su Mari aka koyi yin hakan.

Kada a ɗauka da ta buɗe ƙofa sai mata suka yi ta shiga. Shekara 60 aka yi kafin wata mace ta sake cin Nobel a fiziks, Mariya Gofat Maya a 1963, wadda ta yi shekaru tana aiki a jami'o'in Amurka ba albashin kirki, don dokarsu ta hana a ɗauki matar malami aiki a inda mijinta yake. Daga 1903 zuwa 2023 mata biyar ne kawai suka ci a wannan fanni.

Mu ma muna da namu. Farfesa Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Filato a 1940, ta yi digirin fiziks a Ibadan a 1962, ta yi na dakta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, a 1980 kuma ta zama mace ta farko farfesar fiziks a Afirka. Aikinta auna abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ba tare da an haƙa ba. Jan da ƙasa ke yi wa abu yana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri gwargwadon irin dutsen da ke ƙasa, kuma da wannan bambanci ake gane inda ma'adinai da ruwa suke. Ita da ɗalibanta sun zagaya ƙasar nan suna awo har suka haɗa taswira. Duk wadda unguwarsu aka taɓa haƙa rijiyar burtsatse aka tarar da dutse busasshe ta san amfanin wannan ilimi.

Wadda labarinta ya fi kusa da mu ita ce Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, 'yar jihar Kano, haifaffiyar 1963. Tana gama sakandare aka yi mata aure tana da shekara 18. Ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29, da 'ya'yanta, kuma makarantar ƙananan yara ta buɗe tana biyan kuɗin karatunta da abin da ta samu. A 1999 ta fara koyarwa a jami'ar, daga baya ta sami tallafi ta ƙaro karatu a Ingila. Bincikenta a kan sararin samaniya ne da yanayi, har da ƙurar nan da ke rufe mu da hunturu da abin da sare itatuwa ke jawowa. A 2015 aka karrama ta a Amurka cikin mata biyar masana kimiyya daga ƙasashe masu tasowa. Shekara goma sha ɗaya tsakanin aurenta da shigarta jami'a. Da yawa cikin 'ya'yanmu da muke cewa nasu ya wuce ba su kai haka da barin aji ba.

In na duba gidajenmu, wurare huɗu nake ganin 'yan mata suna faɗuwa daga kimiyya. A shiga babbar sakandare, lokacin da ake raba aji, wani ya ce mata fiziks na maza ne, ta koma inda ƙawayenta suke. A kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, inda in kuɗi ba su isa biyu ba namiji ake biya wa. A ranar da aka kawo lefe. Sai kuma haihuwar fari, in babu mai riƙe jariri. Na farko maganin baki ne, uwa ta je makarantar da ƙafarta ta ga malami. Na uku na waliyyai ne, a faɗi maganar ci gaba da karatu a gaban shaidu tun kafin a sa rana, kada a bar ta sai amarya ta tare. Na biyu da na huɗu kuwa suna cikin ikon wannan ƙungiya.

Shawarata, wadda na riga na miƙa wa sakatariya a rubuce, ita ce mu ƙara hannu ɗaya a adashinmu wanda ba na kowa ba, mu raba zubinsa a tsakaninmu. In ɗaukarsa ta zo a biya kuɗin jarrabawa da littattafai na 'yar mamba da ke ajin kimiyya, ko na matar aure a cikinmu da ke son komawa. Wadda ta amfana, in Allah ya buɗa mata, ta mayar wa asusu kamar yadda Mari ta mayar da rubul 600. Sannan iyayenmu da suka rage fita kasuwa, a rubuta sunan duk wadda za ta iya riƙe jariri ranar da uwarsa ke da darasi ko jarrabawa, a yi mata ihisani daga asusun. Za a karanta shawarar a taron wata mai zuwa. Duk mai 'ya ko suruka ko ƙanwa a ajin kimiyya ta zo da sunanta da ajin da take, don mu san yawan mutanen da muke magana a kansu kafin a yanke nawa za a zuba.